Daga Maru Zuwa Jidda: Alƙalin da Ya Yi wa Arewa Jakadanci

Da zarar an sha ruwa an yi ƙaramar Salla, hankalin maniyyata a Zamfara kan koma wajen bita. Daga Tsafe, daga Bunguɗu, daga Maru da Gummi, ana ɗebo su a motoci zuwa Gusau. Malamin bita na riƙe da lasifika yana koya musu ɗaura harami da ƙirga zagayen ɗawafi. Jami'in hukumar alhazai na gefe yana duba fasfo da katin allurar rigakafi, yana ta nanata gargaɗi guda: kada a saka goro a jaka, kada kuma a karɓi saƙon kowa, ko da na ɗan uwa ne.

Yawancin waɗannan bayin Allah ba da rarar kuɗi suka biya kujera ba. A 2025 kuɗin kujerar ya haura naira miliyan takwas. Wani shanunsa ya sayar, wata kuma adashin shekaru ta haɗa da gudunmawar 'ya'ya. Bayan bita kuwa, an shafe shekaru ana kwashe su zuwa Sakkwato su hau jirgi.

Akwai abin da bita ba ta iya koyarwa. Idan magana ta taso a can tsakanin hukuma da hukuma, alhaji ba shi da ta cewa, sai dai ya jira wanda zai yi magana a madadinsa.

A watan Satumban 2012 an ga haka ƙuru-ƙuru. Hukumomin Saudiyya suka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya sama da dubu ɗaya a filayen jiragen Jidda da Madina, suka ce ba su da muharrami, aka riƙa juyo da su gida. Najeriya ta dakatar da jigila na ɗan lokaci, aka kafa tawaga ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal. Rikicin na shige da fice ne, amma gindinsa fiƙihu ne, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi mace na iya tafiya Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga. Ana bukatar wanda zai zauna da Larabawa ya faɗi wannan da harshensu, da littafin da suke girmamawa, ba tare da ya ɓata zumuncin ƙasashen biyu ba.

A Nuwamban 2023 kuma aka soke bizar fasinjoji sama da ɗari biyu bayan jirginsu ya riga ya sauka a Jidda. Wata biyu kafin nan Gwamnatin Tarayya ta janye jakadunta daga ƙasashen duniya, kuma kujerun suka zauna babu kowa fiye da shekara biyu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, ƙasar Zamfara ta taɓa fitar da mutumin da aikinsa ke nan tun kafin Najeriya ta sami tuta. Kowa ya san sunansa, sai dai ba ta wannan fuska ba. Shi ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi.

Ɗan alƙali

Idan aka ambaci Gumi a majalisa, abin da ke zuwa zuciya shi ne muryar tafsiri daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna, sai kuma taƙaddamar Izala da ɗariƙa. Matasa ƙalilan ne suka san cewa mafi yawan shekarun ƙarfinsa ma'aikacin gwamnati ne mai karɓar albashi, mai fayil da lambar aiki.

An haife shi a garin Gummi a farkon shekarun 1920. Mahaifinsa, Malam Mahmud, alƙali ne, kuma a gabansa ya fara karatun allo da ƙananan littattafan fiƙihu. A wancan zamani gidajen malamai da yawa suna ƙyamar boko. Shi an kai shi elementare a Dogondaji, daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, makarantar da Shehu Shagari ma ya bi ta cikinta.

Matakin da ya gina shi shi ne Makarantar Shari'a ta Kano. An buɗe ta a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan domin su horar da alƙalai da muhutai ga kotunan En'e. A 1947 aka faɗaɗa ta ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Abin da ya bambanta ta da zaure shi ne tsari. Ana karanta Risala da Muhtasar kamar yadda ake yi a ko'ina, amma da aji da jarrabawa, da lissafin gado a kan allo, da kuma Larabcin da ake magana da shi, ba na fassara kalma-kalma kaɗai ba. Wanda ya fito daga nan yana iya rubuta hukunci, yana iya rubuta wasiƙar ofis.

Da ya kammala ya koma Sakkwato ya yi aiki a kotun alƙali, ya ga yadda ake sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara, ya kuma ga yadda fada ke iya lanƙwasa hukunci. Bai daɗe a nan ba.

Abin da ya faru a Maru

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi Sakkwato, yana wuce Bunguɗu sai Maru. A nan Turawa suka kafa makarantar horar da malamai, wadda a yau ta zama Kwalejin Ilimi ta Maru. A 1949 aka sami matasan malamai biyu a cikinta waɗanda daga baya kowannensu ya girgiza Arewa ta hanyarsa, Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Gumi.

A Maru ne Gumi ya fara karo da hukuma. Ya lura limamin garin yana taimama ya ja sallar Juma'a alhali ga ruwa, kuma babu wata larura da aka sani. Duk yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san sharuɗɗan taimama, amma al'ada ta riga ta zauna, manya sun yi shiru. Gumi ya ce wa ɗalibansa sallar ba ta inganta ba, kada su bi.

A idon mai kallo daga nesa magana ce ƙarama. A tsarin En'e kuwa ba ƙarama ba ce, domin liman na sarki ne, wanda ya taɓa liman ya taɓa sarauta. Zancen ya tashi daga Maru ya kai Sakkwato, gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, har aka yi bincike a kansa. Saurayin da bai cika shekara talatin ba ya tsaya gaban dattawa yana kafa hujja da littafin da su ma da shi suke hukunci.

A ganina duk rayuwar aikinsa tana cikin wannan rigima. Bai fito da sabon littafi ba, bai kuma tara jama'a a kan titi ba. Ya riƙe nassi ya shiga da shi inda ake yanke shawara. Halin da ya sa gwamnati ta ga amfaninsa daga baya, shi ne kuma halin da ya sa wasu ba su yafe masa ba har ya koma ga Allah.

Ofis a Jidda, babu tuta

A 1954 aka tura shi Sudan, kwalejin horar da malamai ta Bahtar Ruda. Turawan mulki suna ɗari-ɗari da Masar ta Jamal Abdul Nasir, don haka sun fi son ɗaliban Arewa su tsaya a Sudan da su wuce Azhar. Yana can ne ya tafi aikin Hajji a 1955, shekarar da Firimiyan Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, ya sauke farali. Tawagar Firimiya na bukatar tafinta a gaban manyan Saudiyya. Gumi ya yi aikin, Sardauna kuma bai manta da shi ba.

Kafin a gane nauyin abin da ya biyo baya, sai an tuna yadda Hajji yake a lokacin. Masu hawa jirgin sama tsiraru ne. Talaka ta ƙasa yake bi, daga Kano zuwa Maiduguri, ya ratsa Chadi ya shiga Sudan, yana tafiya yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin auduga, har ya kai gaɓar Bahar Maliya ya tsallaka. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Wasu guzuri ya yanke musu a hanya, wasu suka isa Jidda babu takarda, wasu suka rasu aka rasa wanda zai tattara abin da suka bari ya aiko wa magada. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan da Makka har gobe.

A 1957 aka naɗa Gumi jami'in kula da alhazan Najeriya a Jidda. Lokacin kuwa mai wuya ne. Najeriya na ƙarƙashin Ingila, ba ta da ofishin jakadanci nata, ga shi kuma a Nuwamban 1956 Saudiyya ta yanke hulɗa da Ingila saboda yaƙin mashigin Suwes. Ƙasar da ke mulkinmu ba ta da bakin magana a Jidda. Jami'in alhazai, duk da ƙanƙantar muƙaminsa a takarda, shi ne fuskar da Larabawa ke gani idan an ce Najeriya.

Aikin ba na liyafa ba ne. Na wanda aka tsare a tashar jirgin ruwa ne, da wanda ya yi rigima da mai masauki, da tsohuwar da ta ɓace wa ayarinta, da gawar da ake neman izinin binnewa. Kowanne cikin waɗannan yana da ɓangaren doka da ɓangaren shari'a, kuma kowanne na bukatar a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A nan Gumi ya ƙulla sanayya da malaman Hijaz da 'ya'yan gidan sarautar Saudiyya, sanayyar da Arewa ta ci moriyarta shekaru talatin.

Kujerar Alƙalin Alƙalai

Yana Jidda, a gida kuma ana wata babbar muhawara. Har zuwa lokacin kotunan alƙalai da na sarakuna suna hukunta laifuffuka, har da kisan kai, bisa Malikiyya, sai dai Turawa sun hana yanke hannu da makamantansa. Kotunan Turawa kan rushe wasu hukunce-hukuncen idan an ɗaukaka ƙara, kamar yadda aka yi a wata shari'ar kisa daga ƙasar Gwandu a 1947. Ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun kai kukansu gaban Hukumar Willink, suna tsoron abin da zai same su bayan tafiyar Bature. Ingila ta nuna wa Sardauna cewa sai an gyara tsarin shari'a kafin a yi maganar mulkin kai cikin natsuwa.

A 1958 aka kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A ciki akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson daga Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida. Daga shawararsu aka sami dokar Final Kod, wadda aka gina a kan ta Sudan, ita kuma ta Sudan asalinta daga Indiya. Ta fara aiki a 1960. Laifuffuka suka koma ƙarƙashin wannan kundi, aka bar wa Shari'a aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi, aka kafa mata Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna.

Wani malami ɗan Sudan, Sheikh Awad, shi ya fara riƙe kujerar Alƙalin Alƙalai, Gumi na mataimakinsa. A 1962 Gumi ya hau kujerar, Malam Haliru Binji ya zama mataimaki. Shekarunsa wajen arba'in, kuma ƙarar gado daga Ilori ko ta aure daga Borno, a teburinsa take ƙarewa.

Wannan kotu ta canja abu guda da ba a cika faɗa ba. Alƙalin ƙauye ya san yanzu akwai wanda zai karanta abin da ya rubuta, ya tambaye shi shaidu nawa ya saurara, da wane nassi ya dogara. Matar da aka danne wa tumunin takaba ta sami inda za ta je wanda ba ƙofar fadar da ta naɗa alƙalin ba. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin mulkin soja, aka ƙarasa raba kotuna da En'e, aka soke kotunan sarakuna, alƙalai suka koma ma'aikatan gwamnati.

A cikin tawagar Firimiya

Tsarin mulki bai ba jihohi ikon hulɗa da ƙasashen waje ba, wannan na Legas ne. Amma Sardauna ya yi tasa hulɗar da ƙasashen Musulmi a fili, kuma Gumi ne na hannun damansa a wannan fage. A 1962 aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami a Makka, Sardauna na cikin shugabanninta, Gumi na cikin waɗanda suka riƙe wa Najeriya kujera a cikinta. A shekarar ce kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, shi ma yana cikin waɗanda suka aza tubalinta. Gudunmawar da ta riƙa zuwa daga Saudiyya da Kuwait don makarantu da masallatai, da guraben karatu da suka buɗe wa 'yan Arewa, yawancinsu ta wannan ƙofa suka bi.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ɗauke Sardauna, a 1967 kuma aka raba Jihar Arewa. Sanayyar Gumi da Larabawa ba ta mutu da wannan ba. Gwamnatocin soja sun ci gaba da nemansa kan sha'anin alhazai da duk abin da ya shafi Saudiyya. A 1987 aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal kan hidimar Musulunci, bayan tarjamarsa ta Alƙur'ani zuwa Hausa ta shiga gidaje. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumban 1992, aka yi jana'izarsa a Kaduna.

Irin wannan haɗi na masanin shari'a da jakada ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima malami ne, shi ke ɗaukar saƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa ga sarakuna, shi ne kuma ya sauki Baturen nan Clapperton a Sakkwato a 1824. A Turai, Jamus ta shahara da wannan ɗabi'a ta cika ma'aikatar harkokin waje da masana doka. Walter Hallstein farfesan shari'a ne lokacin da Shugaba Adenauer ya ɗauko shi a 1950 ya jagoranci tattaunawa da Faransa kan kwal da ƙarfe. Ya zama babban sakataren ma'aikatar harkokin waje a 1951, sannan shugaban farko na hukumar Kasuwar Tarayyar Turai daga 1958 zuwa 1967. Ƙasar da ta fito daga yaƙi a durƙushe ba ta da abin da za ta shiga ɗakin tattaunawa da shi sai mutanen da suka san yadda ake rubuta yarjejeniya da yadda ake karanta ta.

Makarantar Kano ma ba Gumi kaɗai ta fitar ba. Farfesa Shehu Galadanci, shugaban farko na Jami'ar Sakkwato, ta nan ya bi, daga baya ya zama jakadan Najeriya a Saudiyya.

Abin da masu suka ke faɗa

Ba a taɓa samun baki ɗaya a kan Gumi ba, kuma rashin adalci ne a rubuta kamar an samu.

Mutanen ɗariƙa, Ƙadirawa da Tijjanawa, suna ganin ya yi amfani da kujerar gwamnati da rediyon gwamnati da kuɗin Larabawa ya shigo da rarrabuwa cikin al'ummar da take salla a sahu ɗaya. Littafinsa na 1972, Al-Aƙidatus Sahiha, shi suke nunawa a matsayin mafarin, sai kafa Izala a Jos a 1978 a hannun almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris. Manyan malamai irin su Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ɗahiru Bauchi sun mayar masa da martani shekara da shekaru. A garuruwan Zamfara akwai gidajen da wa da ƙane suka daina bin juna salla a shekarun 1980, kuma tabon bai gama warkewa ba.

Kiristocin Arewa suna da nasu ƙorafin, musamman kan maganganunsa na ƙarshen shekarun 1980 game da shugabancin wanda ba Musulmi ba. Wasu masana doka kuma suna tambaya ko ya dace alƙali mafi girma ya zama ɗan tawagar Firimiya, yana cikin rangadin musuluntarwa da safe, gobe yana zaune a kan kujerar hukunci. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ta rasa asali a al'adarmu, tunda Shehu Usmanu da kansa ya yi kashedi da malaman fada.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu ganin ya yi sassauci da yawa, tunda ya karɓi kujera a tsarin da ya cire haddi daga kotuna. Masu kare shi suna cewa ya riƙe abin da za a iya riƙewa a lokacin, ya kuma tsare shi da kyau.

Ni dai abin da nake gani shi ne, ana iya saɓa masa a aƙida ko a siyasa, amma samfurin ma'aikacin da ya zama ba abin jayayya ba ne. Kuma wannan samfuri ne ya yi mana ƙaranci.

Tsafe ta shiga bakin duniya

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau gaban taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba, dokar ta fara aiki a Janairun 2000. Abin da aka cire a 1960 ya dawo, kuma daga jihar da ta haifi Alƙalin Alƙalai na farko ɗan ƙasa.

Ba a yi shekara ba aka ga giɓin. A Satumban 2000 wata kotun Shari'a a Tsafe ta yanke wa wata yarinya da ba ta kai shekara sha takwas ba hukuncin bulala saboda cikin da ta yi ba aure, duk da ta ce tilasta ta aka yi. Aka zartar da bulala ɗari a Janairun 2001, lauyoyi na shirin ɗaukaka ƙara. Gwamnatin Kanada ta yi ƙorafi a hukumance, jaridun duniya suka ɗauka. Hukuncin ƙaramar kotu a Tsafe ya zama maganar ofisoshin jakadanci.

Abin da aka rasa a lokacin shi ne mutum mai nauyi a ɓangarorin biyu, wanda zai ce wa alƙali a dakata a duba batun tilasci da shubuha kamar yadda littafi ya ce, ya kuma juya ya yi wa baƙi bayanin tsarin da harshen da suke ji. Aka bar fagen ga 'yan siyasa da masu zanga-zanga. Abin lura, a shari'o'in jifa guda biyu da suka biyo baya, ta Sakkwato a 2002 da ta Katsina a 2003, Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Shari'a ne suka rushe hukuncin, da hujjojin Malikiyya, ba da matsin Turawa ba. Irin kotun da su Gumi suka rena ce ta fitar da Shari'a kunya.

Sulhu babu alƙali

Yau damuwar Tsafe da Bunguɗu ba ta Kanada ba ce. Ta manomin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya harajin 'yan bindiga ce, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kwashe daga masaukinsu a Sabon Gida a Satumban 2023. Kwamitin da tsohon Sufeton 'Yan Sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙiyasta an kashe mutum sama da dubu shida, an biya fansa ta fiye da naira biliyan uku cikin shekaru takwas da suka gabace shi.

Duk wanda ya bi diddigin wannan masifa yana cin karo da kotu a farkonta. Makiyayi da aka cinye masa burtali, ko aka ci shi tarar da ta fi ɓarnar da dabbarsa ta yi, manomi da aka cinye masa amfanin gona ya kai ƙara aka saki mai laifi da daddare. Kowanne ya yanke ƙauna daga alƙali kafin ya nemi makami ko ya shiga 'yan sa-kai.

An gwada sulhu a zamanin Abdul'aziz Yari, an sake gwadawa a 2019 zamanin Bello Matawalle, Gwamna Dauda Lawal kuma ya ce shi ba zai zauna da 'yan bindiga ba. A Yulin 2022 har sarautar Sarkin Fulani aka naɗa wa wani ƙasurgumin ɗan bindiga a 'Yandoton Daji, gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. 'Yandoton nan fa ita ce tsohuwar cibiyar malamai da ake zuwa ɗaukar karatu tun kafin jihadi.

Mutum na iya goyon bayan sulhu ko ya ƙi shi. Amma sulhu babi ne a fiƙihu, yana da sharuɗɗa. Wa ke da haƙƙin yafe jini, gwamna ko magada? Ina diyya, ina mayar da dukiyar da aka ƙwace, su wane ne shaidu, me zai biyo baya idan an warware alkawari? Yawancin zaman da aka yi a dazukan Zamfara an yi su ne da rantsuwa da Alƙur'ani da ɗaukar hoto, ba a ji an fito da rubutacciyar yarjejeniyar da wata kotu za ta iya tilasta bin ta ba. Matar da aka kashe wa miji ba a tambaye ta ba. Wannan aikin masanin shari'a ne da ya iya zaman tattaunawa.

Inda hanyar ta tsinke

Ba masu ilimi aka rasa ba. Zamfara na da matasa da suka yi digirin Shari'a a Madina da Sudan da Masar, Larabci a bakinsu kamar ruwa. Sai dai wannan digiri shi kaɗai ba ya buɗe musu ƙofar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, jarrabawar shiga ma'aikatar harkokin waje kuma da Turanci ake yin ta. Suna dawowa sai mumbari da Islamiyya, ko ƙaramar kotu idan an yi sa'a. A ɗaya hannun ga lauyoyin da suka ƙware a dokar Ingila amma ba sa iya buɗe Muhtasar su karanta layi biyu. Makarantar Kano ta 1934 ta haɗa waɗannan a jikin mutum ɗaya, mu kuma mun raba su gida biyu.

Hanyar haɗa su tana nan. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna da digirin da ya gama dokar ƙasa da Shari'a, kuma sashe na 276 na tsarin mulkin 1999 ya buɗe kujerar Kadi ga lauya mai shaidar ilimin Shari'a da kuma malamin Shari'a mai gogewa. Matsalar ita ce yaron da zai kai can. An rufe makarantun jihar a 2021 bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun. An yi shekaru ɗaliban gwamnati ba sa ganin sakamakon jarrabawar kammala sakandare saboda bashin da hukumomin jarrabawa ke bin jihar, sai daga 2023 aka fara biya, aka kuma ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya koro ɗalibanmu da ke can, wasu karatun bai sake haɗuwa ba.

Abin da jihar za ta iya yi ba ya bukatar jiran Abuja. Ta zaɓi wasu daga cikin masu digirin Madina da Sudan ta biya musu karatun dokar ƙasa har su zama lauyoyi, ta kuma tura wasu lauyoyinta su yi shekara biyu suna koyon Larabci da fiƙihu. Hukumar alhazai ta riƙa tafiya da irin waɗannan a matsayin ma'aikata na dindindin, ba kujerar alfarma da ake raba wa 'yan jam'iyya ba. Duk kwamitin da zai zauna kan rikicin manoma da makiyaya a Tsafe ko Bunguɗu kuma a sa Kadi a cikinsa, a rubuta abin da aka amince da shi, a ajiye kwafi a kotu.